Lissafin da ake yi kafin a zuba kuɗi a gida ko fili a Zariya

A Zariya da zarar mutum ya kama kuɗi masu kauri, ko garatuti ne ya fito, ko gado aka raba, ko masara da waken soya suka yi albarka, shawarar farko da zai ji daga 'yan uwa ita ce ya sayi fili ko ya nemi gidan haya. Hujjar kowa iri ɗaya ce: ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya ɗaukarta a ka. Ban musa ba. Amma na ga malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata da suka juye wahalar shekara talatin da biyar a gini ɗaya, yau hayar da suke karɓa ba ta riƙe su daga azumi zuwa babbar salla, ga kwano na yoyo, ga 'yan haya na sallama da ƙorafi. Abin yana ci mini rai, domin yawancinsu da sun zauna da takarda da biro na yini ɗaya kafin su ce "na saya", da ba su shiga ba, ko da sun shiga a kan farashin da ya fi wannan sauƙi.

Alƙaluman gidan da zan kawo duk na misali ne, don ka ga yadda lissafin yake tafiya. Ka cire nawa ka sa waɗanda ka samo da ƙafarka.

Me kake so kuɗin ya yi maka?

Mai neman inda zai zauna da iyalinsa, da mai son haya ta riƙa shigo masa duk shekara, da mai son ya ajiye fili ya jira gari ya iso, mutum uku ne, lissafinsu ma uku ne. Na farko ribarsa ita ce hayar da zai daina biya. Na biyu yana kallon abin da zai rage a hannunsa bayan ɗawainiya. Na uku ba zai ga ko kwabo ba sai ranar da ya sayar. Matsala tana farawa ne idan mutum ya sayi gida da niyyar haya, hayar ta ƙi, sai ya koma lallashin kansa da cewa ai wurin zai yi tsada nan gaba. Saboda haka rubuta niyyarka a saman takardar, a ƙarƙashinta ka rubuta shekara nawa za ka iya yi ba ka waiwayi kuɗin ba. Idan akwai auren 'ya mace a gabanka, ko kujerar Makka, ko kuɗin makarantar yara, ware su tun yanzu. Gida ba ya sayuwa a ranar da kake buƙatar kuɗi.

Farashin da dillali ya faɗa somin-taɓi ne

A ce an nuna maka gida a Samaru, kusa da jami'a, ɗaki takwas, kowanne da banɗakinsa a ciki, an sallama a Naira miliyan 30. Wannan shi ne layi na farko kawai.

Layi na biyu la'ada. A al'ada mai saye yana ba da kashi 5 cikin 100, mai sayarwa ma ya ba da tasa, ko da yake ana daidaitawa idan kuɗin ya yi yawa. A misalinmu Naira miliyan 1.5 ke nan. Ka tambaya tun farko dillalai nawa ne a cikin cinikin, kuma ka nace sai ka zauna da mai gidan ido da ido. Sau da yawa dillali yana bayan dillali, kowa ya ɗora nasa a kan abin da mai gida ya faɗa, sannan a dawo a karɓi la'ada a kan jimillar.

Layi na uku takardu, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin rowar da take janyo asara. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kake saye haƙƙin mallaka ne na wa'adi, yawanci shekara 99 ga gidan zama, kuma juya shi daga suna zuwa suna yana buƙatar amincewar gwamna. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS, wadda gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta kafa, ita ke riƙe da rajistar filaye. Idan gidan yana da satifiket, lauyanka zai bincika a can: sunan wa ke kan fayil, an sabunta tsohuwar takardar ko ba a sabunta ba, akwai bashin kuɗin ƙasa da ya taru, an jinginar da gidan a banki ko ba a jinginar ba. Idan kuwa awon igiya ne, takardarsa ta mai unguwa ce da dagaci da hakimi, to sa hannunsu shaida ce mai amfani a kan cewa an yi ciniki, amma ba ta hana gwamnati cewa wurin hanya ce ko filin wata ma'aikata ne. Zariya gari ne da manyan cibiyoyi suka mallaki filaye masu faɗi: jami'a, sojoji, hukumar jirgin ƙasa, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. A 2021 an rushe gidaje da dama a unguwar Graceland bisa hujjar cewa filin na kwalejin jirgin sama ne, kuma a cikin waɗanda abin ya shafa akwai waɗanda da guminsu suka saya suka gina. Don haka ka ɗauki safiyo ya ɗauko lambobin kusurwoyin wurin, a duba su a taswirar gwamnati, sannan ka tambayi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ko ginin yana da izini. Ka lura da ratar da doka ta ce a bari daga babban titi, da layin dogo, da babbar wayar wuta, da bakin rafi.

In gidan gado ne, kamar yadda da yawa na cikin birni da Tudun Wada suke, kada maganar babban wa ta ishe ka. Nemi takardar rabon gado ta kotu, ka san magada nawa ne, mata da maza, da waɗanda ke zaune a wasu garuruwa, da marayun da ba su balaga ba da wanda yake tsaya musu. Ka tuna kuma a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato idan ɗan'uwansa ya sayar da kasonsa ga bare, zai iya mayar wa baren kuɗinsa ya karɓe. Shekara biyu kana zirga-zirgar kotu asara ce da ba ta fitowa a rasit.

Mu sa wa lauya da bincike da safiyo Naira 600,000, mu sa wa rajista da amincewar gwamna da hatimi Naira miliyan 1.2. Ainihin kuɗin ka karɓo shi daga hukumar a rubuce, domin yana sauyawa.

Layi na huɗu gyara. Kada ka je duba gida da dillali kaɗai, tafi da magininka da mai aikin famfo. Ku ɗaga kai ku kalli silin, inda ya yi taswirar ruwan ƙasa-ƙasa yoyo ne ko da an shafe shi da fenti. Magini ya ƙwanƙwasa filasta da bayan cokalinsa, inda ta yi ƙarar holoƙo ta rabu da bulo. Ku duba gindin bango daga waje, in fenti yana kumbura yana zuba kamar gari har tsawon gwiwa, danshi ne yake hawowa daga harsashi, kuma fenti ba ya maganinsa. Ku ɗaga murfin sokawe ku leƙa. Ku kunna injin burtsatse ku tsaya a kansa minti ashirin ku ga ko ruwan zai yanke. Ku duba mita, ku nemi takardar wuta ta ƙarshe, domin sau da yawa bashin wuta a kan gida ake barinsa, wanda ya ci ya tafi, kai za a zo a yanke wa. Mu ce magini ya yi kiyasin Naira miliyan 2.7.

Haɗa su: miliyan 30, da 1.5, da 0.6, da 1.2, da 2.7. Naira miliyan 36. Wannan ne kuɗin gidan. Duk lissafin da za ka yi daga yanzu a kan 36 za ka yi shi, ka manta da 30.

Hayar baki da hayar aljihu

Dillali zai ce maka: "Alhaji, ɗaki dubu ɗari uku ne, kuma ana layi. Takwas sau dubu ɗari uku, miliyan biyu da dubu ɗari huɗu duk shekara. Cikin shekara goma sha biyu da rabi ka mayar da kuɗinka." Lissafinsa daidai ne a kan abin da ya lissafa: kashi 8 cikin 100. Abin da bai lissafa ba shi ne aikinka.

Koma unguwar kai kaɗai da yamma. Yi sallama da ɗan hayan da ka tarar yana wanki a tsakar gida: "Ƙanena, nawa ka biya bana? Bara fa? Gaba ɗaya ka biya ko biyu ka raba?" Zauna wajen mai shayin bakin layi ko mai shagon kusa ka tambaye shi ɗakuna nawa ne a kulle a gidan, kuma tun yaushe. Shiga gida uku makamantansa a layin kamar mai neman ɗaki ka ji abin da za a ce maka. Mai sayarwa yakan ƙara haya a takarda shekarar da zai sayar, amma rasit ɗin shekara biyu baya da bakin 'yan haya su ne za su gaya maka gaskiya.

Sannan ka san wane ne ɗan hayanka, domin Zariya ba kasuwa ɗaya ba ce. Samaru da Hayin Dogo da Palladan da Zango suna rayuwa ne da Jami'ar Ahmadu Bello. Kongo da Gyallesu da wani ɓangare na Tudun Wada suna kallon ɗaliban harabar jami'ar da ke Kongo da na kwalejin ilimi. Wajen Shika ma'aikatan asibitin koyarwa ne. Sabon Gari 'yan kasuwa ne da shaguna. A cikin birni kuwa haya ba ta da tsada, kuma ɗan hayan sau da yawa ɗan wani ne da kake jin nauyinsa. Kowanne da halinsa. Ɗalibi yana biyan shekara gaba ɗaya, amma mutum huɗu za su kwana a ɗakin mutum ɗaya, kuma ƙofa da famfo da soket za su gaya maka. Magidanci yana kula da gida ya daɗe, amma ranar da albashi ya makara kai ma ka makara, kuma fitar da mai iyali sai da notis da kotu da roƙon dattawan unguwa.

Yanzu sai ragi. Cire ɗaki ɗaya cikin takwas a matsayin wanda zai zauna babu kowa ko wanda ba za a biya ba: saura Naira miliyan 2.1. Mai kula da gida da karɓar haya, kashi 10 cikin 100 na abin da ya shigo: 210,000. Ko da kai za ka riƙa zuwa da kanka ka rubuta shi, domin man mota da lokacinka ba kyauta ba ne. Ƙananan gyare-gyare da fenti idan ɗan haya ya fita: 300,000. Injin ruwa, kwashe sokawe, shara, kuɗin 'yan sintiri: 150,000. Kuɗin ƙasa da haraji: 60,000. Sai wanda kusan kowa yake mantawa, ajiyar babban gyara. Kwano da tanki da injin burtsatse da wayoyin wuta duk suna da ranar mutuwa, kuma idan ta zo a dunƙule ake biya. Ware musu 180,000 duk shekara a wani asusu daban. Jimillar ɗawainiya 900,000.

Abin da ya rage Naira miliyan 1.2. Raba shi da miliyan 36, ka ninka da 100: kashi 3.3 cikin 100. Idan haya ta tsaya a haka, shekara 30 kafin kuɗinka ya dawo. Gida ɗaya, dillali ya ga kashi 8, takardarka ta ga 3.3, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Gwada shi da inda kuɗin zai iya zuwa

Kashi 3.3 ba ya nufin komai sai an ajiye shi kusa da wani abu. Ga wanda ba ya son kuɗin ruwa, akwai sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya. Na farko da aka fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 cikin 100 a shekara. Miliyan 36 a irin wannan zai ba da kusan miliyan 5.9 duk shekara, ba ɗan haya, ba sokawe. Sai dai a ƙarshen wa'adi miliyan 36 ɗinka za a mayar maka yadda ka ba da, alhali tsadar kaya ta riga ta cinye rabinsa ko fiye. Gida kuwa farashinsa yana tashi. Wannan ita ce hujjar masu cewa ƙasa ba ta ruɓewa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Abin da ya rage shi ne a auna tashin da ma'aunin gaskiya.

Naira ba ma'auni ba ce mai tsayawa wuri ɗaya. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin farashin dala a watan Yuni, dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ni ma'aunin da nake ba mutane shi ne buhun siminti, tunda shi ne abincin gini. A 2019 buhu yana wajen Naira 2,500, a 2024 ya taɓa 10,000. Wanda ya sayi fuloti miliyan 2 a 2019 ya ba da kuɗin buhu 800. In ya sayar miliyan 5 a 2024 zai yi ta murna ya ninka kuɗinsa sau biyu da rabi, alhali abin da ke hannunsa buhu 500 zai saya. Sai ya sayar miliyan 8 ne ya tashi babu ci babu asara. Kai ma in hatsi ka fi sani, auna da buhun masara, ko da kujerar Makka, duk ɗaya ne.

Ga wata dabara mai sauƙi: raba 72 da yawan kashin da abu yake ƙaruwa a shekara, za ka sami shekarun da zai ninka. Idan kaya suna tashi da kashi 24, duk shekara uku farashi ya ninka. Filin da ya ɗauki shekara shida kafin ya ninka a irin wannan lokaci, baya ya ja.

Akwai dalilin da ya sa gidan haya a Zariya yake wahalar ba da riba mai kauri, kuma in ka riƙe shi ka riƙe rabin maganar. Kuɗin gini yana bin siminti da rodi da kwano, su kuma suna bin dala da man fetur. Haya kuwa albashi take bi da aljihun iyayen ɗalibai. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a Naira 30,000 tun 2019, sai a 2024 ya koma 70,000. Za ka iya rubuta duk hayar da ka ga dama a jikin get, amma malamin firamare da ƙaramin ma'aikacin asibiti abin da ke hannunsu za su biya. Saboda haka idan kana hasashen ƙarin haya a shekaru masu zuwa, sa shi ƙasa da yadda kake hasashen tashin kuɗin gyara.

Sannan ka raba farashin gida biyu, na ƙasa da na gini. Tambayi nawa ake sayar da fuloti fanko mai ƙafa 50 da 100 a layin. In miliyan 12 ne, to miliyan 18 ka biya wa bulo da kwano. Ƙasar ce take ƙara daraja idan gari ya matso, ginin kuwa tsufa yake yi sai an yi ta ciyar da shi. Tsohon gida a babban fili a wuri mai kyau sau da yawa ya fi sabon gida mai tayil da fenti mai sheƙi a rabin fuloti a lungu.

Girgiza lissafin ka ga ko zai tsaya

Duk mai son gidan ɗalibai ya rubuta shekara biyu a gefen takardarsa: 2020 da 2022. A 2020 annobar korona da yajin aikin malaman jami'a suka haɗu, makarantu suka yi kusan shekara a rufe. A 2022 yajin aikin ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Samaru ta yi tsit, masu abinci da masu shago da 'yan acaɓa duk suka ji a jikinsu. Ɗalibin da hayarsa ta ƙare yana gida ba zai turo sabuwa ba, kayansa kuma suna cikin ɗakin a kulle, ba ka da ikon ba wa wani. Da aka dawo kuma sai ciniki a kan watannin da ba a zauna ba. Ka ɗauka a cikin kowace shekara biyar, ɗaya za ka rasa rabin haya. A misalinmu miliyan 6 na shekara biyar zai koma miliyan 4.95, wato 990,000 a shekara, kashi 2.75 cikin 100.

Ruwa shi ne gwaji na biyu, ta fuska biyu. Je ka ga wurin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Filin da ya yi kyau a watan Janairu, musamman a gangaren Kubanni da ƙananan rafukan da ke zuba cikinta, zai iya zama fadama da damina, kuma cikon marmara da ɗaga harsashi miliyoyi ne. In ba za ka iya jiran damina ba, duba katangar maƙwabta, ruwa yana barin layinsa a jiki. Sannan ka tambayi matan gidan kusa yadda rijiyarsu take yi a watan Maris da Afrilu. Ƙarƙashin Zariya dutse ne, akwai inda za a haƙa burtsatse a sami ruwa mai yawa, a matsa kaɗan a haƙa a tashi da ƙura. Gidan da 'yan haya ke sayen ruwan kura kullum ba ya riƙe ɗan haya mai kyau.

Bayan haka ka gwada munanan zato biyu ko uku a kan takarda: haya ta ragu da kashi 10, ɗakuna biyu sun zauna fanko, gyara ya ninka. Idan da abu ɗaya ya karkace sai ka ɗauko daga albashinka ka ciyar da gidan, to lissafin ba shi da ƙafa.

Juya lissafin ya ba ka farashin tayi

Yanzu fara daga ƙarshe. Ka ce ba za ka shiga ba sai haya tsantsa ta ba ka kashi 6 cikin 100. Raba miliyan 1.2 da 6, ka ninka da 100: miliyan 20. Wannan ne iyakar abin da za ka kashe gaba ɗaya. Cire wajen miliyan 5 na la'ada da takardu da gyara, tayinka miliyan 15 ne. Mai gidan da ya ce 30 ba zai saurare ka ba, kuma ba laifinsa ba ne. Amma yanzu ka san cewa rabin kuɗin da ake nema, fatar tashin ƙasa kake saye da shi, sai ka tambayi kanka me zai tayar da ita a wannan layin takamaimai: kwalta ce za a shimfiɗa, ko sabuwar ƙofar makaranta, ko kasuwa? An fara aikin ko a bakin dillali yake?

Wani lokaci kuma lissafin yana nuna ƙofar da ido bai gani ba. In akwai sarari a bayan gidan da zai ɗauki ƙarin ɗaki huɗu a kan miliyan 10, tunda an riga an biya ƙasa da katanga da ruwa, za su iya kawo tsantsar 850,000, wato kashi 8.5 a kan sabon kuɗin. Gidan gaba ɗaya ya koma miliyan 2.05 a kan miliyan 46, kusan kashi 4.5.

In kuwa fili za ka saya ka gina daga tushe, kada ka yarda da kiyasin baki na magini. Biya masanin ƙididdigar kayan gini ya rubuta maka komai daga yashi har ƙusa. Jami'ar nan tana yaye su, ba su da wuyar samu. Ɗora kashi 20 cikin 100 a kan abin da ya rubuta. Ka lissafa watannin da kuɗinka zai yi a cikin gini babu haya a matsayin ɗawainiya. Kangwayen da suka tsaya a linta a Dakace da Basawa da bayan Danmagaji, ciyawa ta fito a falonsu, da yawa na mutanen da suka fara ne da kuɗin rabin aiki. Gara ɗaki huɗu da aka gama aka zuba mutane da goma sha biyu da ba rufi.

Bashi, zakka, da ranar fita

A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma a lokacin sau da yawa sama da haka suke ba da rance. Ko an ajiye maganar haramcin riba a gefe, lissafi kaɗai ya isa ya hana: miliyan 10 ko a kan kashi 25 ne yana cin miliyan 2.5 a shekara, ninki biyu na tsantsar hayar da gidanmu yake kawowa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da murabaha (su saya su sayar maka da riba ka biya a hankali) da ijara (su saya su ba ka haya), amma su ma suna da ribarsu, sai ka karɓi jadawalin biya ka ajiye shi kusa da tsantsar haya. Rancen asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi dominsa, kashi 6 ne, amma don gidan da za ka zauna aka yi shi. Kuɗin adashi ko na ɗan'uwa ma bashi ne, rubuta ranar da za a zo karɓa.

Zakka tana da layinta. Gidan haya ba a fitar da zakka a kan darajarsa, sai a kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi shekara ta zagayo masa a hannunka. Filin da aka saya da niyyar jiran kasuwa, a Malikiyya ana fitar masa da zakkar shekara ɗaya ne idan an sayar, kashi 2.5 cikin 100, saɓanin mai saye da sayarwa kullum wanda yake ƙiyasta hajarsa duk shekara. Kai wa malaminka bayanin yadda naka yake. Haraji ma ka tambayi lauya ko hukumar haraji ta jiha, KADIRS, domin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta taɓa yadda ake lissafin ribar sayar da kadara.

Ranar sayarwa kai ne mai ba da la'ada. Gida mai tsada a Zariya yana iya yin watanni a kasuwa, domin masu miliyan 40 a hannu ba su da yawa, kuma da zarar an ji kana cikin matsi tayi zai faɗo. Fuloti biyu ƙanana sun fi babban gida ɗaya saurin fita, kuma za ka iya sayar da ɗaya ka bar ɗaya. Cire aƙalla kashi 10 cikin 100 daga farashin da kake fatar samu.

In duk wannan ya tsaya ka ga za ka shiga, kada kafin alƙalami ya wuce abin da za ka iya haƙura da shi, kuma a rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar maka idan binciken KADGIS ko na safiyo ya nuna matsala. Za a ce maka wani Alhaji daga Kaduna yana hanya da kuɗi a but. Ka ce Allah ya sa albarka, kai sati biyu kake nema. A rubuta a yarjejeniya wanda zai biya tsohon bashin wuta da na kuɗin ƙasa, da yadda za a yi da hayar da 'yan haya suka riga suka biya gaba, domin watannin da suka rage haƙƙinka ne a cire maka daga farashi. Sauran kuɗin kuma ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, a ranar da aka miƙa maka asalin takardun a gaban lauyanka da mai unguwa.